Minti Goma Ka Ce, Selmo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba na shekarar 2023, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina durƙushe a bakin ragar arewa ina cike ramin da mai tsaron gida ya haƙa da takalminsa, sai aka kaɗa ƙararrawar coci irin kaɗawar da kowane ɗan Sarrello ya san ma'anarta. Ban ko ɗaga kai ba, don a garin nan da tsofaffi suka fi yara yawa ba a yin mako biyu ba a kaɗa ta ba. Sai da ƙaramar 'yata ta leƙo ta tagar gidanmu da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta ce, "Baba, Anselmo Tuñón ne," sannan na ajiye shebur. Ka rasu, Selmo, a asibitin gari kana da shekara sittin da shida, bayan shekara biyu kana fama da huhu. Mai rai ya karɓi abinsa, mu ma muna nan tafe.

Sunana Higinio Barbón, Ginio ga wanda ya san ni. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina kula da filin ƙwallon ƙungiyar Minera, aikin da na gada daga mahaifina. Rubutu ba sana'ata ba ce, hannuna ya fi sabawa da injin yankan ciyawa. Abin da ya zaunar da ni shi ne jaridar lardi, wadda ta ba mutuwarka layi huɗu a shafin baya, uku daga ciki a kan wasan ranar 23 ga Mayu, 2004. Shekara goma sha tara garin nan yana kiranka maci amana saboda wannan wasa, ka mutu da sunan, aka binne ka da shi. Ni kuwa na san ba kai ka aikata abin da ake zaginka a kai ba, don ni na aikata. Zan zo kan wannan. Amma ka bar ni in fara da kai, Selmo, don ba wannan rana kaɗai ka yi a duniya ba.

Aji ɗaya muka yi a makaranta. Muna da shekara tara ramin kwal na uku ya rufta da mutum bakwai, mahaifinka na cikinsu. Tun daga makon ka fara zuwa fili kowace yamma da ƙwallonka na tsumma, kana buga shi a bangon rumfa har duhu. Mahaifina, wanda yake bin yara da manjagara idan suka taka masa ciyawa, ya yi kamar bai gan ka ba har wata guda. Ran nan ya kira ka, ya karɓi takalminka da ya jiƙe ya ɗora a kan tukunyar dumama ruwan wanka, ya ce, "Ka riƙa shigowa ta ƙofar baya. Kuma kada ka gaya wa kowa, in ba haka ba gobe yaran garin nan duka za su ce su marayu ne." Ba ka ce masa na gode ba. Kai dai wannan kalma ta yi maka nauyi tun kana yaro, sai dai ka biya ta da aiki.

A zamanin nan Minera ba ta da kuɗi, ba ta da gwanaye, abin da take da shi taɓo ne. Duk ranar da baƙi za su zo, mahaifina zai ja tiyo ya ba fili ruwa tun safe har sai ya ƙi sha. 'Yan birni su iso da takalma masu ƙyalli, su buga ƙwallo ya tsaya a kududdufi, namu ƙattin da suka kwana cikin rami su tattake su. Haka kakanni suka yi, haka aka ci wasanni, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin kunya a ciki. A wannan caɓi ka koyi ƙwallo, kuma ba a taɓa yin wanda ya san shi kamarka ba. Ka san inda ƙwallo zai tsaya tun kafin ya sauka. Kana da shekara goma sha takwas ka sa rigar manya, kana da ashirin da biyu wata babbar ƙungiya daga kudu ta ɗauke ka, rabin gari ya raka ka tashar jirgin ƙasa.

Kaka goma sha ɗaya ka yi a rukunin farko kana ɗan wasan tsakiya. Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: ba ka iya yanka ba, gudunka ma ba wani gudu ba ne. Aikinka ka ƙwace ƙwallo ka miƙa wa wanda ya iya. Ƙwallo uku ka ci a duk shekarun nan, ɗaya ma da ƙeya ka ci shi kana kallon wani wuri, kuma har ka tsufa kana rantsuwa da gangan ne. Sau huɗu aka karya maka hanci, sau tara aka kore ka daga fili, akasari saboda bakinka, don ba ka taɓa ganin alƙalin wasan da ya yi maka daidai ba. Amma duk kocin da ya same ka, sunanka yake fara rubutawa. Kowane hutun bazara kuma sai ka dawo Sarrello, ka tuɓe rigar 'yan birni, ka kama hannu ɗaya na abin daddale fili ni in kama ɗaya, mu yi ta turawa kana zagin yadda na bar ciyawa ta yi tsawo.

Da gwiwa ta gaji ka koma Portolamas, garin masunta a bakin teku inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Can ka buga kakarka biyu ta ƙarshe, can ka fara horarwa, ka haurar da su rukuni guda, suka riƙa ɗaukarka a kafaɗa. Daga nan ka zaga ƙungiyoyi uku ko huɗu, har shekarar 2001 da Minera ta kira ka gida. A lokacin an rufe ramuka biyu, na uku yana jiran nasa. Mazan da suka yi shekara talatin suna sauka ƙarƙashin ƙasa sun koma zaman benci a dandali, ba abin da ya rage musu da za su ce nasu ne sai wasan Lahadi.

A shekararka ta farko da dawowa matata Edelmira ta kwanta ciwo, aka ce sai an riƙa kai ta babban asibitin lardi kowace Alhamis. Ba ni da mota. Ban roƙe ka ba, ban ma san wa ya gaya maka ba. Ranar Alhamis ta farko na buɗe ƙofa na gan ka a cikin mota kana shan taba, ka ce, "Ku yi sauri, ba haya na zo ba." Wata bakwai kana wannan hanya, ka mayar da atisayen Alhamis zuwa yamma, ka ce wa 'yan jarida sabuwar dabara ce da ka koyo a waje. Edelmira ta warke, ta ƙara shekara goma sha biyar a duniya. Haka kake da 'yan wasanka ma. Ka san sunan uwar kowannensu, ka san wanda bai karya ba ya zo atisaye, sai ka tura shi gidanka da sunan aike, matarka Covadonga ta cika masa kwano da wake.

Sai dai ka dawo mana da wani ra'ayi da ya ɗaure wa gari kai. Kai da taɓo ya raina, kai ne ka ce an gama wasan taɓo. Ka sallami ƙatti, ka tattaro 'yan sirara masu saurin ƙafa, ka ce ƙwallo a ƙasa zai riƙa tafiya daga ƙafa zuwa ƙafa. Ka kira ni tsakiyar fili ka ce a yanke ciyawa gajere, a kuma yi mata feshi na minti goma kafin wasa don ƙwallo ya yi santsi, kada a ƙara ko minti ɗaya.

Na ce, "Haba Selmo, minti goma ai ko tukunyar furen Edelmira ba za ta ƙoshi ba."

Ka ce, "Ginio, kai da ubanka kun yi shekara sittin kuna noman shinkafa a nan. Yanzu ƙwallo za a buga."

Kuma aka buga. Kaka biyu Minera ta yi wasan da ban taɓa gani a filin nan ba, har tsofaffin da ke gunaguni suka riƙa tafi a ɓoye. A cikin yaran akwai Toñín Cueto, ɗan gaba, wanda ka tsinto yana lodin buhu a kasuwa ka mayar da shi abin kallo. A kaka ta uku shugaban ƙungiya ya sayar da uku daga cikin gwanayenka, rauni ya ɗauke biyu, muka yi ta gangarowa har muka iso wasan ƙarshe muna bakin faɗawa rukunin ƙasa. Kunnen doki ya ishe mu tsira. Baƙinmu kuwa Portolamas ne, tsohuwar ƙungiyarka, su ma in ba su ci ba sun faɗi. Kowa ya san duk wadda ta faɗi daga nan da wuya ta sake tashi.

Ranar Asabar ka zo ka taka ciyawa, ka shafa ta da tafin hannu, ka ce ta yi. Ka maimaita mini minti goma, na ce na ji. Da yamma na biya shagon giyar tuffa, tsofaffi suka sa ni a gaba. Ɗaya ya ce, "Ginio, gobe fa ba ranar ado ba ce. Da ubanka na da rai ya san abin yi." Wani ya ce, "Ƙyale shi, ai shi yanzu mai ban ruwan fure ne." Aka yi dariya, ni ma na yi, na koma gida da maganar a ƙirjina.

Lahadi da ƙarfe biyu na rana gari duka yana kan tebur yana cin abinci, kai kana masauki da yaranka. Na fito fili ni kaɗai. Rana ta take, ƙasa ta bushe, ciyawa lumui kamar shimfiɗa, sai tsoro ya kama ni. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin an tari baƙi a babban wasa da busasshen fili ba, na ji kamar mun bar ƙofar gida a buɗe. Na ɗauko makullin babban famfo na murɗa. Na ce rabin awa kawai. Da rabin awa ta cika na ce a ƙara wa bakin raga kaɗan, daga nan gefuna. Ban kashe ba sai huɗu da rabi. A duk tsawon lokacin nan ban tsaya sau ɗaya na tambayi kaina su wane ne za su zo ba. Hannuna ya yi abin da ya saba yi wa 'yan birni, alhali masu zuwa masunta ne da aka haifa cikin ruwa, kowannensu ya cika ƙofa, kuma namu yaran ne yanzu masu takalma masu ƙyalli.

Ka fito duba fili saura minti ashirin a fara. Taku uku ka yi, takalminka ya nutse har idon sawu. Ka tsaya, ka juyo ka neme ni da ido, ka same ni a bakin ɗakin kaya. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ka yi, ka cire ƙafarka ka koma ciki.

Wanda ya ga wasan ba ya buƙatar in ba shi labari. Yaranka su buga ƙwallo ya tsaya a rabin hanya, su juyo nemansa an riga an ɗauke. Minti ashirin aka zura mana na farko. Bayan hutun rabin lokaci Cueto, wanda wata ƙungiyar rukunin farko ta aiko mutum musamman ya kalle shi ran nan, ya juya zai bi ƙwallo, jikinsa ya juya, ƙafarsa ta ƙi fita daga laka. Har saman rumfa an ji ƙarar ƙashin. Yana da shekara ashirin da uku, kuma bai sake buga ƙwallo ba. Aka tashi biyu da nema. Mutum dubu tara suka miƙe suka fito da fararen hankici suna kaɗa maka, alamar tir, suna ihun ka sayar da wasa, ka san yaranka ba sa iya taɓo ka jiƙa fili don tsohuwar ƙungiyarka ta tsira.

Amma ba duka suka tsaya a kanka ba. Wasu sun gangaro sun nufi ƙofar gidana, inda Edelmira da 'ya'yana mata uku suke, suna tambayar wa ya buɗe ruwa. Shugaban ƙungiya ya zo da 'yan jarida a bayansa ya yi mini tambayar a gaban kowa. Makullin famfon yana cikin aljihuna yana dukan cinyata. Sai na ji muryarka daga baya.

"Me kuke nema a wurin mai yankan ciyawa? Ni ne koci. Ko kofi ɗaya ba a zuba wa filin nan sai da izinina. Mai magana ya zo ya yi da ni."

Suka bar ƙofata suka bi ka.

Washegari da safe ka zo kwashe kayanka, na tare ka a ɗakin tukunyar ruwan zafi, inda mahaifina yake shanya maka takalmi. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ka ce, "Ka faɗa su kore ka, ka kai Edelmira da yara ina? Ni ina da akwati, na saba. Kai ko hanyar tasha ba ka sani ba. Rufe bakinka ka je ka gyara ɓarnar da ka yi." Na rufe. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, bari in faɗa: daɗi na ji da ka hana ni. Na riƙe hanin nan naka na ɓuya a bayansa shekara goma sha tara, ina gaya wa kaina biyayya nake yi maka.

Abin da ya biyo baya kai ka ɗauke shi. Aka rubuta maci amana da baƙin fenti a bangon gidan mahaifiyarka. Sau uku ana shafe shi, amma duk ranar da ruwa ya jiƙa bangon sai rubutun ya sake fitowa. Tsohuwa ta daina zuwa kasuwa, ta rasu bayan shekara biyu. Manyan ƙungiyoyi suka daina kiranka, don ba mai son kocin da aka ce yana sayar da wasa. Ka yi kaka ɗaya a wani tsibiri, ka yi biyu a ƙetare, ka ƙare a ƙananan ƙungiyoyin ƙauye inda koci ne yake hura ƙwallo ya kuma tuƙa mota, kuma ko'ina ka je labarin ya riga ka isa. Minera ta sake faɗuwa sau biyu, aka rufe rami na ƙarshe, kowace masifa ta zo sai a ce daga ranar Tuñón aka fara. Ni kuwa ina nan a gidana, na aurar da 'ya'ya biyu, har lambar yabo ƙungiya ta ba ni ta shekara talatin a bakin aiki, na sa hannu na karɓa.

Da ciwo ya kama ka ka dawo Sarrello, don kana so a binne ka kusa da mahaifinka. Shekara biyu muna gari ɗaya, in na hango ka a dandali da tulun iskarka sai in sauya hanya. Ban iya zuwa ba sai mako guda kafin ka cika. Na same ka ka rame har hancin nan da aka karya sau huɗu ya fi fuskar girma. Ka buɗe ido ka ce, "Yaya ciyawa? Kana yanke ta gajere ko ka koma noman shinkafa?" Na fara kuka, na ce ka ba ni izini in faɗa. Ka daɗe kana neman numfashi, sannan ka ce, "Kada ka ɗauka ni waliyyi ne, Ginio. Shekara bakwai na yi ina tsinar maka kowace safiya. Daga baya na gaji. Bar shi kawai, wa zai amfana yanzu?" Ka nemi in ɗaga maka matashi, na ɗaga, ka yi barci.

Ranar Laraba muka kai ka. Na ƙirga mutanen da suka zo, ashirin da uku ne har da fadan coci da masu ɗaukar akwati. Portolamas sun aiko da fure, Minera ba ta aiko da komai ba. Shugabanninta na yanzu sun ce ba za a yi maka shirun minti ɗaya kafin wasan Lahadi ba, wai suna tsoron a yi fito a ci mutuncin iyali. A ƙofar makabarta na miƙa wa Covadonga hannu, ta kalli hannun ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Shi ya hana ka magana, Ginio, kuma ga shi can an rufe. Ni ban taɓa hana ka ba. Shekara biyu ina shiga shagon burodi ana juya mini baya. 'Yarmu Olaya ta sauya sunan mahaifi a makaranta don ta samu ƙawaye. Yanzu kuma a bayan wa za ka ɓuya?"

Ranar Alhamis na je wurin Cueto. Yanzu jarida da taba yake sayarwa a rumfa kusa da tashar mota, ranar Lahadi kuma shi yake riƙe lasifikar fili yana karanta sunayen 'yan wasa. Na gaya masa komai, daga minti goma har huɗu da rabi. Ya ci gaba da jera jaridun da suke a jere.

Ya ce, "Sau goma sha ɗaya koci ya zo duba ni a asibiti. Ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya na sa aka ce masa ina barci. Na ƙarshe ya bar mini lemo na sa aka zubar. Ƙafa ta tafi, na daɗe da haƙura da ita. Amma ka bar ni na tsani mutumin nan shekara goma sha tara, kana gaishe ni kowace Lahadi? Fita mini daga gaba, Ginio, kafin in manta kai tsoho ne."

Lahadi ta zo da yayyafi tun safe, fili ba ya buƙatar ko ɗigo. Ƙarfe huɗu 'yan wasa suka jeru, alƙali ya sa usur a baki. Ba ni da ikon sa kowa ya yi shiru, ba ni da murya a ƙungiya, abin da ke hannuna famfo ne. Na murɗa makullin, feshi ya tashi ta ko'ina, 'yan wasa suka watse, na taka zuwa tsakiyar fili na tsaya da agogo a hannu. Aka fara fito ana cewa tsohon ya haukace. Sai lasifika ta yi ƙara, muryar Cueto ta fito.

"Jama'ar Sarrello, ku daina fito. Ruwan nan na Mista Anselmo Tuñón ne da aka binne ranar Laraba, ni ban je ba, ku ma ba ku je ba. Minti goma ya ce a ba fili ranar wasan Portolamas. Wancan da ke tsaye a tsakiya ya ba shi awa biyu da rabi, Mista ya ɗauki laifin don kada ku ƙona masa gida da 'ya'yansa a ciki. Ni da na bar ƙafata a filin nan nake gaya muku. Ku tashi tsaye."

Suka tashi, Selmo. Ba a ji komai sai saukar ruwa a kan ciyawa. Na ga wasu sun fito da hankici, ban sani ba ko ni suke kaɗa wa ko ido suke sharewa, ruwa ya hana ni gani sosai. Da minti goma suka cika na je na kashe, ban ƙara ko daƙiƙa ɗaya ba. Da na wuce ta gaban Cueto bai dube ni ba, ya dai ce ba don ni ya yi ba. Daga baya na tambayi mai ƙofa yawan waɗanda suka shigo, ya ce ɗari huɗu da goma sha biyu. Dubu tara suka zage ka, ɗari huɗu da goma sha biyu suka ji gaskiya. Sauran suna kwance kusa da kai, ko sun bar gari neman abinci tun da daɗewa, sun tafi da sunan da suka ba ka, kuma ba ni da hanyar da zan bi su in karɓo shi.

Jiya na mayar wa ƙungiya makullinta, ƙarshen wata zan bar gidan. Daga can na biya wurin Covadonga. Ba ta je fili ba, ta ce ba za ta sake taka shi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce in shiga ba, ta ce, "Yau da safe mai burodi ta gaishe ni. Na tsaya na rasa yadda ake amsawa." Sannan ta ce, "Da ka yi wannan ko da mako biyu da suka wuce ne, da ya ji da kunnensa." 

Allah ya jiƙanka, Anselmo. Ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka da zafin bakinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa gidana ranar da ban cancanta ba. Ya haɗa ka da mahaifinka da rami ya ɗauke, da mahaifiyarka da baƙin ciki ya ɗauke, ya ba huhunka hutun da bai samu ba a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Covadonga da 'yarku Olaya da jikokinka biyu, ko sun karɓa ko ba su karɓa ba, Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu. Ina miƙa ta ga Toñín Cueto, wanda ya rasa ƙafa, ya rasa kocinsa sau biyu ta dalilina, da duk wanda ya taɓa sa riga a ƙarƙashinka. Ni kuma ku sa ni a addu'a in kun iya.

Na bar ciyawa gajere yadda kake so, Selmo. Na rubuta wa wanda zai gaje ni a jikin bango, saman famfo, da fenti: minti goma.

Higinio Barbón
Sarrello, 21 ga Nuwamba, 2023